Darasi: Yadda Malaman Jami'a Ke Neman Kuɗin Manhajar Koyarwa

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:
1. Bayyana ma'anar manhajar koyarwa da lasisinta.
2. Lissafa wuraren da kuɗin sayen manhaja ke fitowa.
3. Bin sawun takardar neman kuɗi daga hannun malami har zuwa ranar biya.
4. Lissafa cikakken kuɗin da manhaja za ta ci a shekara uku.
5. Rubuta gajeriyar takardar neman kuɗi da kansa.

1. MANHAJAR KOYARWA

Manhajar koyarwa ita ce duk wata manhajar kwamfuta ko ta waya da malami ke aiki da ita wajen ba da darasi, ko ɗalibi wajen gwada abin da aka koya masa. Malamin labarin ƙasa yana buƙatar ta zana taswira, irin su ArcGIS ko QGIS. Malamin ƙididdiga yana aiki da SPSS ko R. Mai koyar da lissafin injiniya yakan nemi MATLAB ko GNU Octave. Akwai kuma manhajar da ke ɗauke da aji gaba ɗayansa, kamar Moodle, wadda Martin Dougiamas na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002. A cikinta malami ke ajiye darussa, ya karɓi aikin gida, ya ba da maki.

Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971 da sunan Jami'ar Chadi, aka sauya mata suna a 1994, tana da harabobi a wurare dabam-dabam na birnin. Tsangayar kimiyya tana Farcha, akwai haraba a Ardep-Djoumal, akwai kuma ta Toukra da ke kudu da kogin Shari. Kowane fanni da irin manhajar da yake so, asusun kuwa guda ne. Shi ya sa ba a sayen manhaja don kawai malami ya faɗa da baki. Sai ya rubuta, ya kawo hujja, takardarsa ta shiga layi tare da ta masu neman kujeru da littattafai da man janareta.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Manhajar koyarwa: manhajar kwamfuta ko ta waya da ake koyarwa ko koyo da ita.
Sashe: rukunin malaman fanni ɗaya, kamar sashen lissafi.
Tsangaya: tarin sassa masu dangantaka a ƙarƙashin shugaba guda.
Kasafin kuɗi: tsarin abin da hukuma za ta samu da abin da za ta kashe a shekara.

2. LASISI DA IRE-IRENSA

Wanda ya biya kuɗin manhaja bai mallake ta ba. Izinin aiki da ita ya saya, bisa sharuɗɗan da kamfani ya gindaya, kuma wannan izini shi ne lasisi. Ire-irensa huɗu ne malami ya fi cin karo da su.

Na farko, lasisin dindindin: a biya sau ɗaya, a yi ta aiki da wannan fitowar ta manhajar, amma idan sabuwa ta fito sai an sake biya. Na biyu, lasisin shekara-shekara: a biya duk shekara, ranar da wa'adi ya cika ba a sabunta ba manhajar ta rufe. Bambancin waɗannan biyu kamar na ɗan kasuwar da ya sayi rumfa ne da wanda ke haya: mai haya ya fara da kuɗi kaɗan, amma duk shekara mai rumfa na nan tafe. Na uku, lasisin karɓa-karɓa: a sayi adadi kaɗan, ɗalibai su riƙa shiga rukuni-rukuni, muddin masu aiki a lokaci guda ba su wuce adadin ba. Na huɗu, lasisin jami'a baki ɗaya, wanda ke ba kowane malami da ɗalibi izini. Ya fi tsada a dunƙule, amma yakan fi sauƙi idan aka raba kuɗin a kan kowane mutum.

Kamfanoni da yawa suna da farashin makarantu, wanda bai kai na 'yan kasuwa ba. Autodesk, mai manhajar zanen gini ta AutoCAD, yana ba ɗalibai da malamai lasisin koyo kyauta idan suka tabbatar da cewa suna makaranta. Don haka tambayar farko da malami zai yi wa dillali ita ce ko akwai farashin makarantu.

MISALI NA 1
Wata malamar labarin ƙasa da ke zaune a Bololo, a gunduma ta 2 ta Njamena, tana da ɗalibai 120 a aji na biyu. Ɗakin kwamfutar tsangayarsu yana da na'ura 30. Idan ta nemi lasisi ɗaya ga kowane ɗalibi, 120 ke nan. Idan kuwa ta kasa ɗaliban gida huɗu, kowane rukuni da ranarsa, lasisi 30 sun ishe ta: 120 ÷ 4 = 30. Ta rage buƙatarta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma babu ɗalibin da ya rasa wurin zama.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Lasisi: izinin aiki da manhaja bisa sharuɗɗa.
Sabuntawa: sake biya domin lasisi ya ci gaba da aiki.
Buɗaɗɗiyar manhaja: wadda aka yarda kowa ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya gyara ta, ya raba wa wasu.

3. INDA KUƊIN KE FITOWA

Taska ta farko ita ce kasafin jami'a. Jami'ar gwamnati a Chadi tana samun tallafi daga baitulmali ta hannun ma'aikatar ilimi mai zurfi, ta haɗa da kuɗin rajistar ɗalibai. Daga nan ake yanka wa kowace tsangaya rabonta. Yawancin ƙananan buƙatu a nan ake biyansu.

Taska ta biyu ita ce abokan hulɗa na waje. Ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato AUF, wadda asalinta ya faro a birnin Montreal na Kanada a 1961, takan fitar da sanarwar neman ayyuka, jami'o'in da ke cikinta su yi takara. Irin wannan kuɗi yana zuwa da ranar rufewa da fom na musamman, kuma ba a kashe shi sai a kan abin da aka rubuta a cikin yarjejeniya.

Taska ta uku ita ce kuɗin bincike. Malamin da ya samu tallafin bincike yana iya saka kuɗin manhaja a cikin lissafinsa tun farko. Sai dai a kula: lasisin da aka saya don bincike ba lallai ne ya halatta koyar da aji da shi ba, sai an duba sharuɗɗan.

A maƙwabciya Najeriya akwai asusu na musamman, wato TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilimi na 1993. An gina shi a kan harajin ilimi da aka riƙa cirewa daga ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023. Jami'o'in gwamnati irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya suna cin gajiyarsa wajen gine-gine da horar da malamai da kayan fasahar sadarwa. Ko a can ma malami ba ya zuwa asusun kai tsaye, sai ta hannun jami'arsa.

4. HANYAR DA TAKARDA KE BI

Takarda tana hawa ne daga ƙasa zuwa sama, kuma tsallake mataki ɗaya yakan sa a maido ta.

Mataki na farko: malami ya kai buƙatarsa taron sashe. A nan ake gano ko wani malami ma yana son manhajar, ko kuma an taɓa sayenta tana nan ba a aiki da ita. Buƙatar da malamai uku suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Mataki na biyu: shugaban sashe ya sa hannu, ya miƙa wa shugaban tsangaya, wanda zai jera buƙatun sassa bisa muhimmancinsu.

Mataki na uku: ma'aikatan kula da kwamfutoci su duba ko na'urorin da ake da su za su iya ɗaukar manhajar.

Mataki na huɗu: ofishin kuɗi ya duba ko akwai gurbin wannan kashewa a kasafin shekarar, sannan shugaban jami'a ya yanke hukunci.

A Chadi, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin mulkin Faransa, mai ba da umarnin kashe kuɗi dabam, mai biya dabam. Shugaba ke ba da umarni, akanta ke riƙe da asusu, kuma akanta yana da ikon ƙin biya idan takardu ba su cika ba. Kashe kuɗin hukuma yana bin zango huɗu: a ware kuɗin a ba da oda, a tabbatar kaya sun iso kuma lissafi daidai ne, a rubuta umarnin biya, sannan a biya. Idan kuɗin ya haura iyakar da dokar kwangilolin gwamnati ta sa, dole a yi shela 'yan kwangila su yi takara.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba, shekarar karatu kuwa takan fara ne bayan damina. Malamin da ya kawo takarda a makon da aka koma aji ya tarar an riga an raba kuɗin shekarar. Mai son manhaja a zangon karatu mai zuwa, tun watanni kafin a haɗa sabon kasafi yake miƙa buƙatarsa.

Wajen miƙa takarda, akan je da kwafi biyu. Sakatare zai buɗe babban littafin shigar wasiƙu, ya rubuta lamba da kwanan wata, ya buga hatimi a kan duka biyun, ya riƙe ɗaya ya maido ɗaya. Wannan lamba da ke kusurwar takarda ita ce abin da malami zai riƙa ambata duk lokacin da ya je bin sawu. Wanda ba shi da ita ba shi da shaidar cewa ya taɓa kawo komai.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Mai ba da umarni: shugaban da doka ta ba ikon cewa a kashe kuɗi.
Akanta: jami'in da ke riƙe da asusu, yake duba takardu kafin ya biya.
Takardar ƙiyasin farashi: takardar da dillali ke bayarwa kafin ciniki, mai nuna kaya da adadi da farashi. A ofisoshi ana ce mata furofoma.

5. ABIN DA TAKARDAR KE ƘUNSA

Da Faransanci ko Larabci ake rubuta wa hukuma a Chadi, domin su ne harsunan gwamnati, amma ginin takardar ɗaya ne a kowane harshe. Ana buɗe ta da girmamawa: "Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangaya, ta hannun Shugaban Sashe." Daga nan sai ta amsa tambayoyi bakwai:

1. Wane darasi ne, a wane aji, ɗalibai nawa?
2. Me ɗalibai ba sa iya yi yanzu da za su iya idan an samu manhajar?
3. Wace manhaja ce, wane irin lasisi, guda nawa?
4. Waɗanne aka gwada kafin a zaɓi wannan?
5. Nawa za ta ci a shekarar farko, nawa a shekarun da ke biye?
6. Wa zai girka ta, wa zai horar da malamai, wa zai gyara idan ta tsaya?
7. Da me za a auna amfaninta a ƙarshen shekara?

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar takardar. Malamin da ya rubuta cewa manhajar "ta zamani ce" bai ce komai ba. Wanda ya rubuta cewa ɗalibansa suna kammala digiri ba su taɓa zana taswirar unguwa ɗaya a kwamfuta ba, kuma yana so kowannensu ya zana ta wuraren da ruwa ke kwanciya a gundumarsu da damina, ya ba shugaba abin da zai kare a gaban majalisar jami'a. Tun da ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Chadi ke cikinta, suka amince da tsarin digiri mai hawa uku a Libreville a 2005, wato shekara uku ta digirin farko, biyu ta na biyu, uku ta na uku, kowane darasi yana da sa'o'in lacca da sa'o'in aikin gwaji a rubuce. Yana da kyau malami ya nuna sa'o'in gwaji nawa manhajar za ta cike.

A bayan takarda ana liƙa takardun ƙiyasin farashi, galibi daga dillalai uku, da kwafin bayanin taron sashe, da jadawalin amfani da ɗakin kwamfuta.

6. LISSAFIN CIKAKKEN KUƊI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta farashin lasisi kaɗai. Bayansa akwai haraji, da ladan banki na aika kuɗi waje, da horar da malamai, da ƙara wa tsofaffin kwamfutoci ƙarfi, da kuɗin intanet, da wutar lantarki. A Njamena, inda zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40 kuma ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, ɗakin da ba shi da batir ko janareta yana iya cinye lasisin shekara ba a yi rabin darussan ba. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet tana da wannan matsala ninki biyu.

Kuɗin da aka yi farashi da shi ma abin dubawa ne. Sefar da BEAC, babban bankin ƙasashen CEMAC, ke bugawa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka farashin yuro ba ya motsi. Dala kuwa tana hawa tana sauka, don haka idan da dala aka yi farashi sai a ƙara ɗan rara a lissafi.

MISALI NA 2
Alƙaluman nan na koyon lissafi ne kawai. A ɗauka malamar misali na 1 ta samu farashin yuro 40 a shekara kan kowace kwamfuta, yuro ɗaya sefa 656, haraji kashi 18 cikin 100.

Lasisi: 30 × 40 = yuro 1,200, wato sefa 787,200.
Haraji: 787,200 × 18 ÷ 100 = 141,696.
Lasisi da haraji: 928,896 duk shekara.
Intanet: 20,000 × wata 10 = 200,000 duk shekara.
Horar da malamai, sau ɗaya: 300,000.
Ƙara ƙarfin kwamfuta 10 a kan 25,000, sau ɗaya: 250,000.

Shekarar farko: 928,896 + 200,000 + 300,000 + 250,000 = 1,678,896.
Shekara ta biyu da ta uku: 1,128,896 kowacce.
Jimillar shekara uku: 3,936,688.

Da ta rubuta 787,200 kaɗai, da ta nemi ƙasa da rabin abin da shekarar farko ke buƙata. Idan aka raba jimillar a kan ɗalibai 360 da za su bi ta ajin cikin shekara uku, kowane ɗalibi ya tashi a kan kimanin sefa 10,935. Wannan adadi ne shugabanni ke kwatanta buƙata da buƙata da shi.

7. BUƊAƊƊIYA KO TA SAYE

Kusan kowace manhaja mai tsada tana da takwara buɗaɗɗiya. QGIS tana aikin taswira, R da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland tana aikin ƙididdiga, LibreOffice tana aikin rubutu da jadawalin lissafi. Ɗalibi yana iya kwafe su a filashi ya girka a kwamfutarsa a gida ba tare da ya karya doka ba, kuma da yawansu suna da Faransanci da Larabci.

Amma rashin kuɗin lasisi ba ya nufin rashin kashe kuɗi. Horo yakan fi tsawo, kuma babu kamfanin da za a kira idan abu ya cije. Wani lokaci kuma ma'aikatun da za su ɗauki ɗaliban aiki da wata manhajar saye suke aiki, sai ya zama wajibi ɗalibi ya san ta. Abin da ake so shi ne malami ya nuna ya auna duka biyun. Kwafin sata kuwa ba ya cikin zaɓi: ya saɓa wa doka, yana shigo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma akanta ba zai biya abin da ba shi da takarda ba.

MISALI NA 3
Idan malamar ta zaɓi QGIS, babu kuɗin lasisi da haraji; a ɗauka horo ya tashi zuwa 450,000, kuɗin ƙara ƙarfin kwamfuta da na intanet suna nan yadda suke: 450,000 + 250,000 + 600,000 = 1,300,000 a shekara uku, wato kimanin sefa 3,611 kan kowane ɗalibi. Rarar 2,636,688 tana iya tafiya ga batura da faifan hasken rana.

MISALI NA 4
Wannan tsari bai tsaya a jami'a ba. A ɗauka ajin yaƙi da jahilci na dare a Bololo yana da kwamfuta 8 da ɗalibai 24, malaminsu yana son ƙungiyar unguwa ta taimaka. Zai kasa su rukuni uku, ya girka LibreOffice kyauta, ya rubuta wa shugaban ƙungiya cewa abin da ake buƙata shi ne batir da ladan mai girkawa, ya liƙa farashin shaguna uku, ya yi alkawarin cewa bayan wata shida kowane ɗalibi zai buga wasiƙa da jadawalin cinikinsa da hannunsa.

8. BAYAN AN AMINCE

Idan kaya suka iso, a gwada manhajar a kan kowace kwamfuta kafin a sa hannu a takardar karɓa, domin da wannan sa hannu akanta zai biya. A yi rajistar lasisi da sunan jami'a da adireshin imel na ofis, kada a yi da na malami, don kada ya tafi da shi idan aka yi masa canjin wurin aiki. A rubuta ranar ƙarewar lasisi a inda shugaban sashe zai gani. A ƙarshen shekara a miƙa rahoto na shafi ɗaya ko biyu: ɗalibai nawa suka yi aiki da ita, sa'o'i nawa, me suka iya. Da wannan rahoto ake neman kuɗin sabuntawa.

Idan kuma aka ƙi amincewa, malami ya nemi dalili, ya gyara, ya sake kawowa a kasafi na gaba. Dalilan da aka fi bayarwa su ne makara, da rashin takardun farashi, da lissafin da bai cika ba, kuma dukansu masu gyaruwa ne.

TAƘAITAWA

Takardar neman kuɗin manhaja tana tsayawa ne a kan abu huɗu: buƙatar ɗalibai a fayyace, cikakken lissafi na shekaru, kwatanci da sauran zaɓi, da miƙawa a kan lokaci ta hanyar da ta dace.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mece ce manhajar koyarwa? A kawo misali uku.
2. Mene ne bambancin lasisin dindindin da na shekara-shekara?
3. A lissafa wurare uku da kuɗin manhaja ke fitowa.
4. Me ya sa aka raba aikin mai ba da umarni da na akanta?
5. Mene ne amfanin lamba da hatimin da sakatare ke bugawa a kan kwafi?
6. Aji mai ɗalibai 150 yana da kwamfuta 25. Rukuni nawa za a kasa su, kuma lasisin karɓa-karɓa nawa ake buƙata?
7. Lasisi 20 a kan yuro 50 kowanne, yuro ɗaya sefa 656. Nawa ne kuɗin kafin haraji, nawa ne bayan an ƙara kashi 18 cikin 100?
8. A faɗi amfani biyu da wahala biyu na buɗaɗɗiyar manhaja.

AIKIN GIDA

Kowane mai koyo ya zaɓi wani abu da ajinsa ke buƙata, ya tambayo farashinsa a shaguna uku, ya rubuta takardar shafi ɗaya da ke amsa tambayoyi bakwai na kashi na 5, ya kawo ta darasi na gaba da kwafi biyu.